Tsohuwar Manhaja Na Barazana Ga Dukiyar 'Yan Kasuwar Arewacin Yobe

NGURU: Tun da layin dogo daga Kano ya iso Nguru a shekarar 1930, garin ya zama matattarar ƙaro, gyaɗa, fatu da dabbobi. A wancan zamani, dukiyar falke tana cikin lalitarsa ne da littafin lissafinsa. Yanzu kuwa, musamman bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, ciniki mai yawa a Nguru, Gashuwa da Machina ta waya da kwamfuta yake bi. Saboda haka lafiyar na'urar ta zama lafiyar jari.

Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows, ba ta rasa ɓaraka, watau kurakuren da ɓarayin intanet kan bi su shiga. Shi ya sa kamfanin Microsoft yake aiko da gyare-gyare a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Amma kowace manhaja tana da wa'adi. Kamfanin ya daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, ya kuma janye tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Na'urar za ta ci gaba da aiki kamar kullum, sai dai duk ƙofar da aka gano daga baya a buɗe za ta zauna.

An taɓa ganin illar sakaci. A watan Mayu na 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci kimanin 200,000 a ƙasashe 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman fansar dala 300 kan kowace na'ura. Alhali kuwa Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, waɗanda abin ya shafa ba su saka ba ne. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Haka abin yake ga burauza, wato manhajar da ake shiga shafin banki da ita. Chrome na 109, wanda ya fito a Janairun 2023, shi ne na ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7. Mai shagon da ke cike wa ɗalibai takardun neman shiga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da irin wannan na'ura, yana jefa bayanan jama'a cikin haɗari tare da nasa.

Gaskiya ne sabuntawa tana cin data, kuma a garuruwan kan iyaka irin su Machina wutar lantarki da ƙarfin intanet ba su da tabbas, abin da kan sa wasu su kashe sabuntawar ɗungurungum. Abin da ya fi shi ne a ware rana guda a wata, a cika batir ko a tayar da janareto, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar aikin tana iya lalata manhajar. A kwafe lissafin ciniki a wata ma'adana daban kafin a fara, a kuma rufe burauza a sake buɗe ta domin gyaran ya kama.

Bugu da ƙari, kada a taɓa saƙon da ya faɗo daga wani shafi yana cewa a sabunta nan take, domin sau da yawa tarko ne. Sabuntawa ta gaskiya daga cikin saitin na'urar take fitowa.

Mai niyyar sayen kwamfutar gwanjo kuma ya fara tambaya ko za ta ɗauki Windows 11, wadda ke buƙatar wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Na'ura mai araha wadda ba ta karɓar gyara tana iya janyo asarar da ta ninka kuɗinta.