Ku Bar Malama Ta Huta

 Jiya a Ɗan Isa na ji wani yana cewa malaman makaranta 'yan hutu ne. Wallahi raina ya sosu. Yayata malamar firamare ce. Tun Satumba take ɗaga murya a aji, ga ƙurar alli, ga ta hunturu, har muryar ta dishe. Kullum tana bin hanyar Ƙaura da fargabar 'yan bindiga, barci rabi da rabi. Murya sai da shiru take warkewa, jiki kuma sai da barci. In ba ta huta a Disamba ba, ƙanenka ne zai kwashi fushinta a Janairu. Don Allah, kar a kai mata yara lesin a hutun nan.