MALAMA JUNE PATTULLO DA AWON RUWAN TEKU

Tsakanin Sandamu da bakin teku a Ikko akwai tafiyar fiye da mil 500, har ma yawancin talakawan ƙasar Daura ba su taɓa ganin teku da idonsu ba. Duk da haka, ruwan da ya ke sauka a gonakinsu na gero da gyaɗa daga can ya ke fitowa. Rana ta kan bugi fuskar Tekun Atlantika, tururi ya tashi, sa'an nan iskar damina ta kwaso shi daga kudu maso yamma ta kawo shi Arewa. Saboda haka ya kyautu hakimai da malamansu su san wani abu game da masu binciken halin teku. Ga labarin ɗaya daga cikinsu, wata mace Ba'amurkiya mai suna June Pattullo.

An haife ta a 1921. Ta yi karatu a Jami'ar Cikago, daga nan ta wuce makarantar nazarin teku ta Scripps, a jihar Kalifoniya. A 1957 ta sami digirin dakta a fannin da a ke koyon motsin ruwan teku da zafinsa da sanyinsa, ita ce kuwa mace ta farko da ta sami wannan daraja a Amurka. Ba ƙaramin abu ba ne, domin a zamanin nan galibin jiragen bincike na ƙasar ba su yarda su ɗauki mace ba.

Aikin da ya fara fito da sunanta ba a cikin jirgi aka yi shi ba, a kan takardu aka yi shi. A wancan zamani, a manyan tashoshin jiragen ruwa na duniya a kan kafa ma'auni mai zana tsawon ruwa dare da rana, ma'aikata kuma su riƙa kwafe abin da ya nuna cikin littafi, kamar yadda a ke rubuta awon ruwan sama. Malama Pattullo da abokan aikinta uku, cikinsu har da Walter Munk da Roger Revelle, suka tattara irin waɗannan lissafai daga ko'ina, suka ware cika da janyewar da teku ya ke yi kullum, suka dubi abin da ya rage wata-wata. A 1955 suka buga abin da suka gano. Ashe teku ma yana da lokutansa na shekara. A arewacin duniya ya kan yi ƙasa wajen watan Maris, ya hau wajen Satumba, a kudanci kuwa sai ya yi akasin haka. A wurare da yawa bambancin 'yan inci ne kawai, amma a gaɓar Bangal, gabas da Indiya, ya wuce yadi guda. Babban dalilinsa a ƙasashe masu ɗumi shi ne zafin rana, gama ruwa in ya ɗumama ya kan kumbura, in ya huce ya koma. Da ma'aikatan tashoshin nan sun yi sakaci, ko sun cika littattafansu da ƙiyasi, da ba a gane kome ba.

A 1960 ta koma jami'ar jihar Oregon, inda ta koyar har ƙarshen ranta. Can ta mai da hankali ga ruwan da ke kusa da gaɓa. Da bazarar ƙasar, iska daga arewa ta ke busowa, tana bin gefen teku. Amma saboda juyawar da duniya ta ke yi, ruwan da ke bisa ba ya bin iskar sak, sai ya karkata dama da ita, watau yamma, ya nisanci gaɓa. To, gurbin da ya bari ba ya zama wofi. Ruwa mai sanyi ya kan taso daga zurfi ya maye wurin, ɗauke da abin da za a iya kira takin teku, ƙananan tsire-tsire su yawaita, kifi ya biyo su. Ita da ɗalibanta, musamman Robert Smith, sun auna yadda wannan tasowa ta ke farawa, suka buga sakamakon a 1966.

Irin wannan tasowar ruwan sanyi tana aukuwa a Afirka ta Yamma, ko da ya ke sababinta ya ɗan sha bamban. Daga Yuli zuwa Satumba teku ya kan yi sanyi a gaɓar Gana da Kwaddibuwa, lokacin ne kuwa masunta su ke samun kamu mai yawa. Abin da ya shafi ƙasar Daura a nan shi ne, sa'ad da teku ya yi sanyi alhali tudu ya ɗauki zafi, iskar damina ta kan ƙara ƙarfi ta tura hadari Arewa. Shi ya sa a watan Agusta, sa'ad da a ke tsakiyar marka a Sandamu, ruwa ya kan tsagaita a Ikko. A shekarun da tekun kudu ya ƙi hucewa kuwa, sau da yawa hadari ya kan maƙale a can, Arewa ta sami ƙarancin ruwa. Bayan farin 1973 da na 1984 masana sun yi ta neman dalili. A 2003 wata malama 'yar Italiya, Alessandra Giannini, da abokan aikinta suka nuna cewa sauyin zafin tekunan duniya yana da babban hannu cikin hawa da saukar damina a ƙasashen gefen Sahara.

Malama Pattullo ba ta ga wannan ba, gama ta rasu a 1972, tana da shekara hamsin ko kusa da haka. Uku bayan rasuwarta, a 1975, Gwamnatin Nijeriya ta kafa tata cibiyar nazarin teku a Ikko. A Amurka kuwa, a 2008 aka fara wani taro da sunanta, inda mata masu shiga wannan fanni su ke zama da manyan malamai, su baje aikinsu a duba musu, su kuma nemi shawara.