Daga Brooklyn Zuwa Bakin Daji: Yadda 'Yan Sa-kai na Hedkwatar Shaidun Jehobah Suka Koma Karkara

A watan Disamba na 2017, ma'aikata suka hau saman wani dogon gini a gaɓar kogin East River da ke birnin New York, suka sauke manyan jajayen haruffan da suka daɗe suna haska sunan Watchtower ga duk mai tsallaka gadar Brooklyn. 'Yan unguwa sun san abin da hakan ke nufi: maƙwabtansu na fiye da shekara ɗari sun tashi ke nan.

A 1909 ne hedkwatar Shaidun Jehobah ta duniya ta koma Brooklyn, lokacin da Charles Taze Russell ya ɗauko ta daga Pittsburgh. Masu aiki a cikinta ba 'yan albashi ba ne. Maza da mata ne da suka sadaukar da kansu, ana ba su ɗaki da abinci da ɗan kuɗin kashewa a wata, suna kiran kansu iyalin Bethel. A cikinsu akwai marubuta da lauyoyi da masu girki da masu gyaran famfo. A da, gine-ginensu na Brooklyn Heights har hanyoyin ƙarƙashin ƙasa gare su, ta yadda mutum zai fito daga ɗakinsa ya isa wani ginin ruwan sama bai taɓa shi ba.

Tashin bai zo kwatsam ba. A 2004 aka kwashe injinan buga littattafai zuwa Wallkill, inda ƙungiyar ke da gona tun 1963, ga kuma tsofaffin gine-ginen birni da gyaransu ke lashe kuɗi. A 2009 aka sayi fili mai faɗin hekta ɗari da 'yan kai a Warwick, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da birnin, a bakin wani tafki kusa da dajin Sterling Forest. Aka fara gini a 2013, 'yan sa-kai fiye da 27,000 suka sa hannu, a 2016 kuma aka soma kwasar kaya. A shekarar ne aka sayar da babban ginin ofisoshin Brooklyn kan dala miliyan 340.

Cikin gida, tsarin yini bai sauya sosai ba. Ana fara safiya da nazarin ayar ranar, a kama aiki, ran Litinin da yamma a taru a yi nazarin mujallarsu Hasumiyar Tsaro. A wajen ƙofa ne komai ya juye.

Abu na farko shi ne mota. Mazaunin Brooklyn zai iya shekara ashirin bai riƙe sitiyari ba, domin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ba ya kwana, shagon burodi da kantin magani kuma tafiyar minti biyar ne a ƙafa. A Warwick kuwa, ko man goge baki mutum zai saya a gari sai ya hau titi mai lanƙwasa a tsakanin duwatsu da itatuwa, inda barewa kan yi tsalle gaban mota da magariba, ƙanƙara kuma ta sa hanya santsi lokacin hunturu. Ga wanda ɗan kuɗin wata ne duk abin da ke shiga aljihunsa, mai da inshora da taya ba ƙaramin nauyi ba ne. Dole a koyi haɗa tafiya da jiran juna.

Sai wa'azi, wanda shi ne ginshiƙin rayuwar kowane Mashaidi. A birni, bene ɗaya zai iya ɗaukar ƙofofi ɗari, a bayansu akwai masu jin Sifaniyanci da Rashanci da Sinanci, kuma tun 2011 Shaidun suke kafa teburan littattafai a wuraren cunkoso na Manhattan, mutane na wucewa kamar ranar kasuwa. A ƙauyukan gundumar Orange gidaje a warwatse suke, kowane da doguwar hanyar shiga, wani da kare, wani babu kowa sai yamma. Ga rabuwa da ikilisiyar da mutum ya saba da ita, inda ya ga an haifi yara har ya halarci bikin aurensu. Wannan rashin ya fi na jirgin ƙasa ciwo, kuma kyan wuri ba ya saurin maye gurbinsa.

Dajin ma da nasa dokokin. Akwai baƙar dabbar nan beyar mai bin shara, akwai kaska mai ɗauke da cutar Lyme, akwai maciji mai ƙararrawa a wutsiya wanda dokar jihar New York ta hana kashewa, har sai da magina suka yi taka-tsantsan da shi lokacin aiki. Amma wanda ya shekara talatin yana barci da jiniyar motar asibiti a kunne, yanzu ya samu iska mai tsabta da dare mai shiru, kuma ga tsofaffin gidan wannan riba ce babba.

Shaidun Najeriya sun riga su ɗanɗana irin wannan ƙaura, domin ofishin reshensu ya bar Shomolu a Legas ya koma ƙauyen Igieduma a jihar Edo ta yau, aka keɓe shi a 1990.

Akwai kuma waɗanda ba su kai Warwick ba sam. An gina wurin ne don mutum ɗari takwas da wani abu, kuma a 2015 ƙungiyar ta sanar da rage yawan ma'aikatan Bethel. Wasu aka kai su wuraren ƙungiyar da ke Wallkill ko Patterson, wasu da dama aka tura su ikilisiyoyi a sassan Amurka su ci gaba da wa'azi. A cikinsu akwai ma'auratan da suka shiga Bethel da ƙuruciya suka fito da furfura, suka fara neman gidan haya da aikin da zai biya kuɗinsa.