Yadda Ake Gane Maƙerin Tsohuwar Azurfa

A tsofaffin gidajen Gombe, musamman na sarauta da na attajirai, ba a rasa kayan azurfa na gado: mundaye da zobba da cokula, wani lokaci har da butar shayi. Ranar rabon gado ko ranar da dillali ya zo taya ne gardama ke tashi. Shin azurfa ce ta gaske? Wa ya ƙera ta? Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna inda ake neman amsa.

Idan kayan Ingila ne, aikin yana da sauƙi, domin tun shekarar 1300 doka ta ce sai an gwada azurfa an buga mata hatimi kafin a sayar. A juya bayan cokali, za a ga ƙananan tambura a jere. Zaki mai tafiya yana shaida cewa kashi 925 cikin 1000 azurfa ce zalla. Sai alamar garin da aka yi gwajin: kan damisa na Landan ne, ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa ta Bamingam ce, kambi kuwa na Shefil ne, kafin a sauya shi da fure a 1975. Harafi guda da ke tsaye shi kaɗai yana nuna shekara. Harufa biyu ko uku kuma su ne farkon sunan maƙeri ko kamfani, kodayake sau da yawa sunan wanda ya kai kayan gwaji ne, ba na wanda ya riƙe guduma ba. Wanda kuwa ya ga EPNS, to ya haƙura, ruwan azurfa kawai aka sha wa ƙarfe.

Liyari, wato kuɗin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tarisa ta Ostiriya, ya ruɗi mutane da yawa. Ana ganin 1780 a jikinsa sai a ɗauka tun lokacin aka buga shi. Alhali shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma an ci gaba da buga shi da wannan shekara a Biyana da Landan da Bombai har cikin ƙarni na 20. Azurfarsa kashi 833 ce cikin 1000.

Irin wannan liyari maƙeran fari suka riƙa narkarwa suna yin mundaye, kuma a al'ada ba sa buga suna. Nan ne aikin ɗalibin harshe yake. Hatimin munduwar Hausa yana bakin mutane ne: tsohuwar da ta gaje ta, da dattijon maƙerin da zai dubi zanen ya ce wannan hannun gidan wane ne. Maƙeran Buzaye na Agadas kan rubuta sunansu da harufan Tifinag a bayan kayansu, sai a nemi mai iya karantawa.