Rajistar kwamfuta da shaidar mai gari: abin da rikicin iyaka ya nuna a jahar Maraɗi

Idan ana zancen aikin hukuma ta hanyar kwamfuta a lokacin yaƙi, misalin da aka fi kawowa shi ne Yukiren, inda manhajar Diia, wadda aka fitar a 2020, ta riƙe wa mutane takardunsu cikin wayar salula bayan yaƙin 2022 ya raba su da gidajensu. A wannan ɗan rubutu za mu duba namu misalin, wanda ya sha bamban da wancan.

Ba a kira abin da ya faru a kudancin Maraɗi da sunan yaƙi ba, amma wanda aka kore wa shanu da dare bai damu da sunan ba. A watan Satumba na 2019, hukumar HCR ta ce mutum fiye da 40,000 sun tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina cikin wata goma, saboda ƴan bindiga. Da yawa sun sauka a gundumar Gidan Rumji, inda Tibiri take. A nan ba baƙi ba ne sosai, domin Gobirawan Sabon Birni da na Tibiri tushensu ɗaya. Kafin wata ƙungiya ta iso, masu gari da iyalai ne suka ba su masauki da hatsi.

Daga baya HCR da hukumomin Nijar suka yi musu rajista da na'urar ɗaukar zanen yatsa, aka kuma maida wasu Ɗan Daji Makau, Garin Kaka da Cadakori, nesa da iyaka. Amfanin na'urar a fili yake: tana hana a rubuta mutum sau biyu. To amma ba ta san ko ɗan wane ne ba, ko kuma daga wane gefen iyaka ya kwana. Wannan sani yana bakin mai gari, da ma'aikacin magajin gari, da wakilan ƙungiyoyin da ke zaune da mutane. Har wani abin mamaki kan faru: ɗan gudun hijira yana cikin kwamfuta, mai masaukinsa kuwa ko takardar haihuwa ba shi da ita, ko da yake dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su kai sanarwar haihuwa. Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta hannun alƙali, kuma sau da yawa ƙungiyoyi ne ke taimakawa a kai zaman alƙalin ƙauye.

A ganinmu, abubuwa biyu sun bayyana raunin tsarin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke lantarkin da ke zuwa Maraɗi ta layin Katsina, har zuwa Maris 2024. Wutar da ke tada kwamfutar ofis a birni ita ce ke juya famfunan gonakin rani na Jiratawa, don haka manomi da ma'aikaci matsala ɗaya suka shiga. Sannan a Afirilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da aka zaɓa a Disamba 2020, aka naɗa kantomomi. Ƙungiyar da ta saba kai kuskuren suna wurin kansilan da ƙauye ya zaɓa, dole ta koma neman ƙofar wanda aka turo daga sama.