Fim ɗin Sojan Sahara da Ya Salwanta

Duk wanda ya tashi a Hanwa ko Samaru ya san tashar jirgin ƙasa ta Sabon Garin Zariya. A kan wannan layin, cikin jirgin da ya taso daga Kano zai tafi Ikko, marubuci P. C. Wren ya buɗe littafinsa Beau Geste na 1924. Wani hafsan sojan Faransa, Manjo Beaujolais, yana ba wani Baturen mulki labarin sansanin Zinderneuf, sunan da kana ji za ka tuna Damagaram.

Kamfanin Paramount ya mayar da littafin fim a 1926, ya kuma samu karɓuwa. Ganin haka sai ya biyo da Beau Sabreur a 1928, inda Gary Cooper ya fito a matsayin manjon, an tura shi Sahara ya ƙulla yarjejeniya da wani shehun Larabawa. Fim ne na bebaye: baki na motsi, magana kuwa sai a rubuce a allo, mai kiɗa na gefe yana rakiya. Ba a taka Afirka ba, a rairayin Amurka aka ɗauke shi. Yau guntun tallansa kaɗai ya rage.

Me ya cinye shi da ire-irensa? Zaren fim na lokacin da sinadarin naitiret ake yinsa. In ya tsufa sai ya yi danƙo, ya narke, ƙarshe ya koma gari ja-ja kamar tsatsa, in kuma ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. Gobarar rumbun Fox a 1937 ta lashe dubban faya-fayai. Da fim mai magana ya shigo, wasu kamfanoni da gangan suka narkar da tsofaffin don tatsar azurfar jikinsu. Binciken Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka na 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan bebaye na ƙasar sun salwanta.

Ba na kukan wannan fim sosai, domin mutanen hamada a irin waɗannan labarai abin harbi ne kawai. Damuwata finafinanmu ne. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, an daɗe da fid da rai da shi, sai a 2016 aka tsinci gwangwanayensa a wani tsohon ginin hukumar finafinai a Ikko, aka gyara shi a Jamus, aka haska a Balin a 2018. Kaset-kaset ɗin Kannywood na shekarun 1990 kuwa, da yawansu suna jibge a shaguna, zafi da damshin damina na cin zarensu.