Bencin Kusa da Ban Ɗaki

A farfajiyar da masu ciwon ciki da hanta ke jiran likita, a wani asibitin koyarwa na arewacin Najeriya, akwai bencin da ya fi kowanne farin jini. Ba ya ƙarƙashin fanka, ba ya kusa da tagar karɓar kati, da hantsi ma rana tana dukan rabinsa. Darajarsa ɗaya ce: taku kaɗan ne tsakaninsa da ƙofar ban ɗaki. Tun bayan sallar asuba ake kama wuri a kansa, kuma tsofaffin zuwa sun san juna da alama, kowa da butarsa a gefen ƙafa da ƙullin leda mai sabulu da wandon canji. Yawancinsu ba su karya ba. Ba azumi suke yi ba, tsoro ne, domin wanda ya taso daga ƙauye a motar haya bai isa ya riƙa tsayar da direba a hanya ba.

Mafi yawan masu zuwa wannan sashe ciwon hanta ne ko gyambon ciki ke kawo su. Mutanen wancan benci 'yan tsiraru ne, kuma lalurarsu daban take: kumburin hanji mai daɗewa. Iri biyu ne. Ɗaya yana kama babban hanji kaɗai, ya yi masa gyambuna, shi likitoci ke kira kolaitis. Ɗayan yana iya kama ko'ina daga baki har dubura, ana kiransa da sunan wani likitan Amurka, Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa suka bayyana cutar a 1932. A duka biyun garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa hanjinsa. Ba a ɗauka daga wani, ba kuma ƙazanta ke kawo shi ba. Zawo da jini da majina, murɗar ciki, rama, ƙarancin jini, wani lokaci har ciwon gaɓoɓi. Magani yana kwantar da shi watanni ko shekaru, sai kuma ya tashi ba sallama.

Kafin mutum ya ji wannan bayani daga bakin likita, galibi ya riga ya yi asarar da ba ta dawowa. Da ya ga jini a bayan gida, kowa a gida ya yanke hukunci: basir ne. Sai a nufi mai magani da ke shela da lasifika ranar kasuwa, a sha jiƙo da gari. Bai yi ba, a je kemis a ce atini ne, a ba shi Flagyl. Daga nan taifot, a yi ta allura. Mai cutar Crohn kuwa yana iya shan maganin tarin fuka na wata shida, kuma a nan ba za a ga laifin likita kai tsaye ba, domin tarin fuka na hanji yana kama da ita ƙwarai, ya kuma fi ta yawa a ƙasar nan, ga maganinsa kyauta. Abin da ke kusantar da gaskiya shi ne a zura na'ura mai kyamara a leƙa hanjin, a ɗan gutsiro nama a kai ɗakin gwaji. Na'urar ba kowane asibiti ke da ita ba, likitocin da suka iya aikin ba su da yawa, kuma kuɗin daga aljihu yake fita. A lokacin an sayar da ragon da ake kiwo, wata ma ta rabu da keken ɗinkinta. Ranar da aka gano ciwon, aljihu ya riga ya bushe, ita ce kuma ranar da ainihin kashe kuɗi ke farawa.

Maganin da ake dogara da shi wajen kwantar da kolaitis, mesalazin, daga waje ake shigo da shi, kuma kullum ake sha, ko ana jin sauƙi ko ba a ji. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, farashin duk maganin da ke tsallako teku ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin motar zuwa asibiti ma ya bi shi. Masu jira sun koyi dabarun da likita ba ya son ji: a sha rabin abin da aka rubuta, a sha yau a tsallake gobe, a ajiye sai ranar da jini ya dawo. Allurai na zamani irin su infiliksimab, da ake ɗaurawa a jijiya duk bayan mako takwas, sunansu kawai ake ji, domin zama ɗaya ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da yawa. Abin da ya rage mai araha shi ne firednisolon. Yana tsayar da jini cikin kwanaki, kowane kemis yana da shi, amma an yi shi ne don a sha na ɗan lokaci a riƙa ragewa har a daina. Wanda ya mai da shi abincin kullum yana jawo wa kansa ciwon suga, hawan jini, laushin ƙashi da yanar ido. Yana kuma cika fuska, kumatu su yi ɓul-ɓul.

Wannan fuskar ce ta kayar da wani malamin firamare da ke cikin masu zaman bencin. A makarantar kuɗi yake koyarwa, har mai makarantar ya gaji da ganin aji ba malami, yara suna ta tsalle, ya ce ya je ya huta sai ya warke. Hutun bai ƙare ba, albashi kuwa ya tsaya a watan. Ya karanta a wayarsa cewa a Amurka wannan ciwo yana cikin jerin lalurorin da hukumar fansho da tallafi ta ƙasar ke iya biyan mutum kuɗin wata a kansu idan sun hana shi aiki, ko da yake can ma sai an sha jira da cike-ciken takardu. Sai ya ɗauki wasiƙar likita da sakamakon gwaji ya nufi wani ofishi da ya ji ana rubuta sunayen masu buƙata ta musamman.

Ma'aikacin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wa ka zo rubutawa?"

"Ranka ya daɗe, kaina."

"Kai? Malam, ka ji tsoron Allah. Ga makafi can a zaune tun safe, ga guragu a kan keke. Kai da ƙafarka ka shigo, ga kumatu tubarkalla."

Bai iya buɗe baki ya ce sau nawa yake zagayawa a dare ɗaya ba, ga mata a layi suna ji. Ya naɗe takardunsa ya fita. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar da firednisolon ya cika shaidar zur take bayarwa.

A gaskiya doka tana gefensa fiye da yadda shi da ma'aikacin suka sani. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ba ta taƙaita nakasa ga abin da ido ke gani ba. Ta yi maganar lalura mai daɗewa da ke rage wa mutum ikon tafiyar da rayuwarsa, ta kuma tanadi takardar shaida, ta wucin gadi da ta dindindin. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar ƙasa mai kula da masu buƙata ta musamman a 2020. To, a ce malamin ya samu takardar, me za ta ba shi? Za ta kare shi daga wariya, wanda ya nuna masa ita yana iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Za ta sa shi cikin waɗanda aka ce a ware wa kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Za ta ba shi fifiko a layi, wanda ga mai irin cikinsa ba ƙaramin abu ba ne. Amma babu kuɗin wata a cikinta. Magani kyauta a asibitocin gwamnati kuwa, masu lalurar ƙwaƙwalwa ne dokar ta ambata.

Sauran ƙofofin ma ba don shi aka yanka su ba. Diyyar ma'aikata ta dokar 2010 ta wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta sanadin aiki ce. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, ya cire kashi ɗaya cikin huɗu na ajiyarsa, sai dai shi ba a taɓa buɗe masa asusun ba. Jihar Jigawa ta yi abin a yaba tun 2007, zamanin Sule Lamido, da ta fara biyan wasu masu nakasa naira 7,000 duk wata, amma guraben a ƙidaye suke. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma kafa asusun masu rauni da ya haɗa da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, nakasassu da marasa galihu. Duk da haka fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. Ko masu katin inshora a wannan farfajiya sun saba da amsar da ake ba su a tagar magani: wannan babu, sai a waje.

Akwai kuma wani abu da ba ya cikin kowace doka. A ƙasar Hausa makafi suna da sarki, guragu suna da sarki, kutare ma haka, kuma idan rabo ya zo, ta hannun waɗannan sarakuna da ƙungiyoyi ake tattara sunaye. Tsari ne da ya daɗe yana rufa wa mutane asiri. Mai ciwon hanji ba shi da sarki, ba shi da ƙungiya, kuma ko an kafa masa ba lallai ya yarda a ga ƙafarsa a taron ba. Kunya tana cikin cutar. Namiji zai iya cewa suga ke damunsa a gaban majalisa, har a ba shi shawara. Wannan kuwa ko surukinsa sai dai a ce masa "ciwon ciki ne".

Don haka ainihin ma'aikatar tallafin waɗannan mutane ita ce dangi: ɗan'uwa da ke aiki a Fatakwal, adashin matan unguwa, sanarwa a masallaci bayan sallar magariba ba tare da an kama suna ba. Sai ɗan ofishin jin ƙai na asibitin, ɗaki ɗaya da tarin fayil, inda wata ma'aikaciya ke tambayar mutum sana'arsa da yawan iyalinsa, ta rubuta a yafe masa kuɗin gado ko ta haɗa shi da wani mai hali da ya bar saƙo. Irin wannan taimako ya fi dacewa da ciwon da ke da ƙarshe. Jama'a suna iya haɗa kuɗin tiyata sau ɗaya su yi Allah ya ba da lafiya. Ciwon da ke neman kuɗi wata bayan wata har ƙarshen rayuwa yana gajiyar da mai bayarwa, yana kuma kashe bakin mai roƙo.

Can ƙarshen baranda akwai ɗan ɗakin da wata nas ke ganin waɗanda aka yi wa tiyata aka fito musu da bakin hanji ta gefen ciki. Ba duka ne masu kolaitis ba. Akwai waɗanda taifot ya huda wa hanji, akwai masu ciwon daji, akwai jariran da aka haifa ba dubura. Nas ɗin tana auna bakin hanjin, jan nama mai laima, ta yanka ramin jakar da ke tara bayan gida daidai da shi da ɗan almakashi, ta goge fatar ta bushe sarai kafin ta manna. Idan ramin ya yi faɗi, abin da ke fitowa zai ci fatar ta saluɓe. Jaka ɗaya kwanaki kaɗan take yi, a bazara gumi yana ɓanɓare ta tun ba a je ko'ina ba. Wata matashiya da ta dawo gidan iyayenta jinya, mijin kuma har yanzu bai zo biko ba, ta ɗaga rigarta ta nuna abin da take amfani da shi idan jakunkuna sun ƙare: farar leda da filasta, da tsumma a naɗe. Fatar wurin ta yi jawur.

Nas ɗin ta ce, "Haba ƙanwata, me ya sa ba ki zo tun tuni ba?"

"Anti, kuɗin motar ne na haɗa na sayi guda biyu."

Tambayar da ta fi damunta ma ba ta kuɗi ba ce, ta salla ce. Ta yi watanni tana ganin alwalarta ba ta tsayawa, har sai da aka gaya mata cewa malaman fiƙihu sun daɗe da yi wa mai lalurar da ba ta yankewa rangwame, kuma sallarta tana nan daram.

A ganina abin da ake buƙata bai kai girman da za a ce sai an yi sabuwar doka ba. Hukumomin inshorar lafiya na jihohi su tabbatar mesalazin da jakunkunan nan suna cikin abin da suke biya, kuma ana samunsu a taga. Masu rubuta sunaye su karanta wasiƙar likita kafin su duba kumatu. Kai kuma mai fitar da zakka ko sadaka, idan shekara ta zagayo, ka taka zuwa ofishin jin ƙai na babban asibitin da ke kusa da kai, ka ce a nuna maka fayil ɗin masu sayen magani duk wata. Kada ka jira su zo ƙofar gidanka, ba za su zo ba.